HUKUNCIN ABINCIN TEKU GA MATAFIYI: DARASI A KAN WATA TAMBAYA DAGA ƘASAR NORWE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya hore wa ƴan Adam tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, sababin wannan darasi wata tambaya ce da ta iso mana ta wayar salula daga wani ɗalibinmu, haifaffen wani ƙauye na ƙasar Dungas, wanda Allah Ya ƙaddara masa tafiya ƙaro ilmi a Turai. Aiki ya kai shi Bergen, birnin da ke bakin teku a yammacin ƙasar Norwe, ya kwana huɗu. A daren farko masu masaukinsa suka so su girmama shi, suka kai shi wani gidan abinci irin na mutanen Japan kusa da tashar jiragen ruwa. Aka jera masa ɗanyen kifi yanka-yanka a kan dunƙulen shinkafa, da jatan lande, da ƙaguwa, da wata halitta mai hannuwa takwas da bai taɓa gani ba, da wani baƙin ruwa a ɗan ƙoƙo. Bawan Allah ya kasa miƙa hannu. Ya ce ba ya jin yunwa, alhali rabonsa da abinci tun safe. Sauran kwanakin ya yi su a kan burodi da shayi, kuma ya lura ran mai masaukinsa ya sosu. Tambayarsa ita ce: Malam, na yi daidai ko na ƙuntata wa kaina?

Mun yaba masa da tsoron Allah, domin wanda ya tsaya a inda bai sani ba ya fi wanda ya afka. Amma mun gaya masa gaskiya cewa mafi yawan abin da ke cikin farantin nan halal ne a gare shi, kuma abin da ya kamata ya yi tsoro ba shi ne ya tsorata da shi ba. Da muka ba da labarin bayan sallar Asuba, sai muka ga ashe dattawa da yawa a cikinmu ma ba su rarrabe mas'alar ba. Ba abin mamaki ba ne. Mu mutanen tudu ne, ƙasarmu ba ta da gaɓar teku, babin abincin ruwa kuwa mukan karanta shi a zaure mu wuce da sauri kamar bai shafe mu ba. To yanzu ya shafe mu, domin ƴaƴanmu suna Legas da Kwatano da Abijan da Tarabulus, kifin teku kuma ya biyo mota har kasuwar Magariya.

ASALIN HUKUNCI

Allah Maɗaukakin Sarki Ya halatta mana farautar teku da abincinsa a cikin Suratul Ma'ida, aya ta 96, kuma Ya ambaci matafiya a cikin ayar da kansu, cewa guzuri ne a gare su. An ruwaito daga wasu manyan sahabbai, daga cikinsu akwai Abdullahi ɗan Abbas (R.A.), cewa farautar ita ce abin da aka kama, abincin kuwa shi ne abin da teku ya jefo matacce. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira (R.A.) game da mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko za su iya alwala da ruwan teku, saboda sukan hau jirgi da ruwan sha kaɗan. Annabi ya amsa masa abin da ya tambaya, cewa ruwan mai tsarkakewa ne, sannan ya ƙara masa da abin da bai tambaya ba, cewa mushen teku halal ne. Malamai sun ce hikimar ƙarin ita ce wanda ya jahilci hukuncin ruwan, ya fi kusa da jahiltar hukuncin abin da ke cikinsa.

Ku kula, kalmar teku a bakin malaman fiƙihu ba ta tsaya ga ruwan gishiri ba. Kogin Kwara, da Tafkin Chadi, da tafkunan da damina ke cika mana a fadamun Korama, duk hukuncinsu ɗaya ne.

Akwai kuma ƙissar da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe, wadda Buhari da Muslim suka fitar daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.). Manzon Allah ya tura runduna ta mutum 300 zuwa gaɓar teku, Abu Ubaida ɗan Jarrah (R.A.) na shugabancinta. Guzuri ya ƙare, har ya zama dabino ɗaya ake ba mutum a yini, daga baya suka koma kakkaɓo ganyen itace suna jiƙawa suna ci. Sai teku ya jefo musu wata irin dabba matacciya mai kama da tudun rairayi saboda girma, ana ce mata Anbar. Da farko Abu Ubaida ya ce mushe ce, sannan ya sake tunani ya ce su manzannin Manzon Allah ne kuma suna cikin lalura, su ci. Suka yi ta ci, rabin wata a wata ruwaya, wata guda a wata, har jikinsu ya murmure. Aka kafa ƙashin haƙarƙarinta, mutum mafi tsawo a kan raƙumi ya wuce ta ƙarƙashinsa. Da suka komo Madina suka ba da labari, Annabi ya gaya musu arziki ne Allah Ya fitar musu, ya tambaya ko da saura, aka kawo masa ya ci. A nan hujjar take. Annabi a Madina ba ya cikin lalura, saboda haka cinsa ya nuna naman halal ne a asalinsa. Mun ambata wa ɗalibinmu wannan ne domin ya ce ya ga ana sayar da naman irin wannan dabba a kasuwar kifi ta Bergen. Haka ne, Norwe ta koma farautarta don kasuwanci a 1993, Japan kuma a 2019, duk da ƙasashe da yawa suna suka saboda tsoron ƙarewarta. Wannan magana ce ta daban, amma ta fuskar halacci ba ta da shubuha.

INDA MAZHABOBI SUKA SAƁA

Mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi a kanta muka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shaikh Khalil, ita ce mafi yalwa a wannan babi. Duk dabbar ruwa halal ce ba tare da yanka ba, ko an kama ta da rai, ko an same ta matacciya tana yawo a kan ruwa, ko da tana iya daɗewa a tudu kamar kwaɗon ruwa da ƙaguwa da kififiya. Mu nan ba mu buƙatar misali daga nesa: gaiwa takan shige cikin laka ta yi rani guda tafki a bushe, yara su haƙo ta da fartanya, ba wanda ya taɓa cewa sai an yanka ta. Inda aka ɗan tsaya shi ne abin da ake kira karen ruwa da aladen ruwa. Imamu Malik ya ƙi sunan, wasu suka karhanta, amma abin dogaro wajen malaman baya irin su Shaikh Dardir shi ne halacci.

Hanafiyya sun ƙuntata. A wurinsu kifi kaɗai ake ci, shi ma ban da wanda ya mutu da kansa ya taso saman ruwa, kuma sun yi saɓani a kan jatan lande, ko kifi ne ko ba kifi ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna tsakiya, sun halatta abin da ke rayuwa cikin ruwa, sun cire kwaɗo da kada. Sanin wannan yana da amfani ga wanda ke Turai, domin da yawa daga Musulmin Norwe asalinsu Pakistan ne ko Turkiyya, Hanafawa ne. Idan ɗayansu ya ce maka ƙaguwa ba ta halatta ba, mazhabarsa ya faɗa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kada ka yi masa gardama, kada kuma ka ɗauka ka yi shekaru kana cin haram.

Sai mu tuna wa kanmu, a gefe, cewa yalwar nan ba ta kai ga fara ba. Sauran mazhabobi suna cin fara ko ta mutu da kanta, amma mashhurin Malikiyya shi ne sai an yi mata abin da zai kashe ta, kamar jefawa a ruwan zafi, tare da niyya da ambaton sunan Allah. Matan da ke soya fara su kiyaye.

WANDA YA KAMA DA WANDA YA DAFA

Abu na biyu da ya dami ɗalibinmu shi ne addinin masu gidan abincin. Mafi yawan mutanen Japan suna bin Shinto ne da addinin Buddha, ba Ahlul Kitabi ba ne, saboda haka yankansu bai halatta ba. Amma kifi ba ya buƙatar yanka, don haka ba a duba addinin masunci. Malamanmu sun faɗa a fili cewa ana cin kifin da Bamajuse ya kama. Kaza da naman sa da ke cikin irin wannan gida su ne abin bincike, kuma abin da muke ba da shawara shi ne a bar su, sai in an tabbatar da inda aka yanka.

Kwanuka fa? Abu Sa'alaba (R.A.) ya tambayi Annabi game da kwanukan Ahlul Kitabi, ya umarce shi da ya bar su idan ya sami wasu, in bai samu ba ya wanke ya ci a ciki. A ruwayar Abu Dawud an bayyana dalili, cewa suna dafa alade a tukwanensu, suna shan giya a ƙoƙunansu. Farantin da aka wanke da ruwa da sabulu ya tsarkaka, ba a neman waswasi a kansa. Abin tambaya shi ne man suya, domin wasu gidajen suna soya kifi da naman alade a mai ɗaya. Haka nan romon taliyarsu da ake kira ramen, sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, ko da kifi ne aka ɗora a sama.

INDA HAƊARIN YAKE

Yanzu mun zo wurin da muke so a buɗe kunne. Girkin Japan yana da giya iri biyu da ake zubawa a abinci kamar yadda matanmu ke zuba daddawa. Ɗaya sunanta sake, giyar shinkafa ce, sinadarin maye a cikinta ya kai kusan kashi 15 cikin 100. Ɗayar sunanta mirin, mai zaƙi ce, tana da kusan kashi 14. Da su ake haɗa miyar nan mai zaƙi da ƙyalli da ake shafa wa gasasshen kifi, wadda suke kira teriyaki, kuma wasu masu girki sukan ɗan zuba a shinkafar sushi kanta. Ido ba ya ganinsu, hanci ma ba koyaushe yake ji ba.

A mazhabarmu giya najasa ce. Shaikh Khalil ya tabbatar da cewa abinci mai ruwa-ruwa, kome yawansa, yana najastuwa da najasa kaɗan, kuma naman da aka dafa da najasa ba ya karɓar tsarkakewa. Masu cewa wuta tana ƙone giyar ba su kuɓuta ba ta fuska biyu: ta shari'a, najasar ta riga ta cuɗanya da abincin, ta gwaji kuma, masana abinci sun auna sun ga wani kaso yana saura bayan dafuwa. Saboda haka kifin da aka gasa da wannan miya, wanda ɗalibinmu ya ce shi kaɗai ya yi sha'awar ci domin ya yi kama da abincin gida, shi ne ya fi cancanta a bari. Ɗanyen da ya ƙyamata kuwa, wanda aka yanka aka ajiye ba a haɗa shi da kome ba, suna kiransa sashimi, shi ne mafi tsarki a teburin.

Tsamin da ke cikin shinkafar na khallu ne, wato binegar. Annabi ya yabi khallu a matsayin mahaɗi, kuma giyar da ta juye ta zama khallu ta tsarkaka a wurin Malikiyya. Ba laifi a nan.

Baƙin ruwan ƙoƙon kuwa miyar waken soya ce. Da wake da alkama da gishiri ake yin ta, a bar su su ruɓa kamar yadda ake yi wa kalwa, sai dai su watanni suke ɗauka. A cikin ruɓawar ɗan sinadarin maye yakan samu da kansa, kusan kashi 2 cikin 100. Malaman zamani sun yi magana biyu a kanta. Abin da muka karkata gare shi shi ne halacci, domin ma'aunin da hadisi ya ba mu shi ne abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wannan miya ba a yi ta don maye ba, kuma gishirinta zai kwantar da mutum asibiti tun kafin ya bugu. Kunun da ya kwana ya yi tsami ma ba ya rasa irin wannan ɓurɓushi. Amma idan an rubuta a kwalba cewa an ƙara mata giya daga waje, sai a bari. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya ci da gishiri da lemun tsami, bai rasa kome ba.

Saura zama a teburin da ake shan giya. Tirmizi ya ruwaito hani a kan haka daga Jabir, kuma ɗalibinmu ya yi iƙirari cewa an sha a gabansa. Maganin wannan tun kafin a fita ne. Ka gaya wa mai masauki da fara'a cewa kai Musulmi ne, kana cin kifi kowane iri, ba ka cin alade, ba ka son abin da giya ta taɓa, kuma ka fi son liyafar rana a kan ta dare. Turawa sun saba da mai cewa likita ya hana shi kaza, kuma dokarsu ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwan da kan tayar wa wasu mutane da ciwo, don haka tambayar abin da ke cikin abinci ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Abin da ya ɓata wa mai masaukin nan rai shi ne shirun da aka yi masa, yana ganin an raina karamcinsa. Wanda ya afka cikin irin wannan zama ba da zaɓinsa ba, ya ƙi abin a zuciyarsa, ya taƙaita zama, ya nemi gafarar Allah.

ƊANYEN KIFI DA LAFIYAR JIKI

Shari'a ba ta sharɗanta dafa kifi ba, sharaɗinta rashin cutarwa. Jinin da ya kwarara daga kifi najasa ne a maganar Khalil, ko da yake wasu malaman mazhaba sun tsarkake shi, amma abin da ya saura cikin tsoka bayan an wanke ba a kula shi. Cutar da ake tsoro tsutsa ce da ke zama a jikin kifin teku. Saboda ita dokar Tarayyar Turai ta 2004, wadda Norwe ke aiki da ita, ta wajabta a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili na awa 24 aƙalla, sai dai kifin kiwo da aka tabbatar ba ya ɗauke da ita. Abin mamaki, jan kifin nan salmon da ya cika farantin ɗalibinmu, Japanawa a da ba sa cin sa ɗanye saboda tsutsar da ke cikin na tekunsu. Mutanen Norwe ne suka kafa wani shiri a 1986 don tallata musu nasu na kiwo, suka yi kusan shekara goma suna lallashi kafin ya karɓu. Ashe abincin da ya ɗauka baƙo ne a Bergen, rabinsa ɗan gari ne.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Malam ya halatta ɗanyar tarwaɗa. Kifin tafkunanmu ba a ci sai ya dahu sarai, domin ruwan da dabbobi ke sha, ake wanki a ciki, ba ya rasa cuta, kuma ba mu da irin wancan sanyi.

ABIN DA YA SHAFE MU A NAN GIDA

Bergen ba ta yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Shekaru ɗaruruwa arzikin garin a kan busasshen kifi yake, wanda ake shanyawa a kan itace a tsibiran Lofoten cikin iska mai sanyi ba tare da gishiri ba. Yau Najeriya tana cikin manyan masu sayensa, musamman kawunan, kuma ya ƙara yaɗuwa ne bayan an kai shi agaji lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970. Shi ne Inyamurai ke kira okporoko, duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano ya ji warinsa. Kifin ƙanƙara da ke shigo mana a kwali ta Maigatari da Ɓaɓura da Kwangwalam, wani daga cikinsa daga waɗancan tekuna na arewa yake, na gwangwani kuma mafi yawa daga Maroko. An sha tambayarmu ko ya halatta tunda ba Musulmi ne suka kama ba, kuma ya mutu tun a jirgi. Amsa ta gabata: halal ne.

Abin da ba halal ba shi ne abin da wasunmu ke yi da shi. Kwali ya narke a hanya saboda zafi ko ɗaukewar wuta, kamar yadda aka sha wahala a 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai a sake daskarar da shi, ko a soya shi da yaji mai yawa don warin ya ɓuya, a sayar wa yara a bakin tasha. Wannan algus ne, kuma Annabi ya barranta daga mai algus a ƙissar mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Haka mai fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa kafin ranar kasuwa, da mai zuba guba a tafki don kifi ya taso ya kwashe a yini ɗaya. Idan ya kafa hujja da cewa mushen ruwa halal ne, sai mu ce masa halaccin mushe bai halatta guba ba, kuma wanda ya ci ya cutu, ko saniyar da ta sha ruwan ta mutu, lamuninsu yana wuyansa. Kifin da ke mutuwa da kansa idan tafki ya ja baya a bazara, a duba shi: in jikinsa da ƙarfi, ba wari, a dafa a ci, in ya kumbura a binne shi nesa da rijiya.

Ɗalibinmu ya sanar da mu cewa zai koma Bergen, kuma ya riga ya rubuta wa mai masaukinsa ya ba shi haƙuri ya bayyana masa dalili. Mun ce ya nemi sashimi, da kifin da aka gasa da gishiri kaɗai, da farar shinkafa wadda ba a haɗa ba, ya yi bismillah ya ci da damansa, in sandunan cin abincinsu sun gagare shi ya nemi cokali. Yana da tambaya ta biyu game da lokacin Isha'i da Asuba a garin da yini ke kai kusan awa 19 a watan Yuni, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa. Ita za mu ɗauka a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.

Wallahu a'alamu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.